Labarin Zuciya a Tambayi Ƙafa

Ranar da aka ce in zo gwaje-gwajen share fagen tiyatar zuciya, allura da na'urori na sa a raina. An kuwa yi su. An ɗebi jini, an manna mini wayoyi a ƙirji, an ɗauki hoton huhu, an sa na yi ta hura iska cikin wani bututu har jiri ya fara ɗibata. Duk ban ce uffan ba. Abin da ya ɓata mini rai a ranar salatif ne guda biyu da aka liƙa a daɓen baranda.

Ma'aikaciyar jinyar, yarinya ce sa'ar autata, ta tsayar da ni a bayan layin farko, ta nuna mini na biyu da yatsa. "Baba, mita 5 ne tsakaninsu. Ka yi irin tafiyar da ka saba yi kullum. In ka kai layin can kada ka tsaya a kansa, ka ɗan wuce." Agogo na hannunta.

Shekaruna 73 a lokacin, kuma na yi shekara 34 ina koyarwa, ina kama yara da satar amsa. Amma da ta ce in fara, abin da na yi ke nan. Na ɗaga ƙirji, na buɗe taku, na zuba sauri kamar wanda mota za ta bari. Na wuce layin ina haki. Ta dubi agogon, ta dube ni, ta yi murmushi. "Baba, wannan ba tafiyarka ba ce. Na ga yadda ka shigo tun daga ƙofa." Ɗiyata da ta rako ni ta kau da kai tana dariya ƙasa-ƙasa. Aka ba ni kujera na huta, aka sake daga farko.

Sau uku ake yi, da ɗan hutu a tsakani, sannan a ɗauki matsakaici. Ana danna agogo da zarar ƙafa ta sauka bayan layin farko, a tsayar da shi da ta sauka bayan na biyu. Mai dogara sanda an yarda ya riƙe abarsa. Na farko na yi daƙiƙa 7.1, na biyu 6.8, na uku 7.3. Ta rubuta a fayil ba ta ce komai ba. Na tambaye ta ko na ci. Ta ce ai ba jarrabawa ba ce, likita zai yi mini bayani. Malamin makaranta ya san ma'anar wannan amsa.

Gaskiyar magana, na daɗe da sanin tafiyata ta ragu, ɓoyewa kawai nake yi. Kusan shekara biyu kafin nan na ƙirƙiro dabaru iri-iri. In muna tafe da mutane na ji ƙirji ya matse, sai in tsaya in zaro waya kamar an turo mini saƙo. In za a hau bene, in ce su yi gaba zan gyara takalmi. Matata ta taɓa ce mini a da ita ke bina da ɗan gudu, yanzu ita ke tsayawa jirana. Na ce tsufa ne, kuma tafiya sannu-sannu kwana nesa. Sai da matsewar ta fara hawowa har muƙamuƙi na yarda aka kai ni asibiti. Aka zura siririn bututu ta jijiyar wuyan hannu, aka ɗauki hoton jijiyoyin da ke ciyar da zuciya da jini, aka ga uku sun ƙuntace. Likitan zuciya ya ce irin wannan, ga kuma ciwon suga, tiyata ta fi dacewa da shi: a samo lafiyayyar jijiya daga wani wuri a jiki, a yi wa jini hanyar da zai kewaye toshewar.

Likitan fiɗa ya fara da lissafin da aka saba. Akwai tsarin da Ƙungiyar Likitocin Fiɗar Ƙirji ta Amurka ta gina, ana zuba masa shekarun mutum da aikin ƙodarsa da ƙarfin bugun zuciyarsa da cututtukan da yake ɗauke da su, kwamfuta ta fitar da ƙiyasin haɗari. Nawa bai yi muni ba. Har na fara sakin jiki, sai ya juya shafi ya ɗora yatsa a kan rubutun yarinyar nan. Ya ce iyakar da suke dubawa daƙiƙa 6 ce. Wanda mita 5 ta ɗauke shi daƙiƙa 6 ko fiye, ana lissafa shi cikin masu jinkirin tafiya, kuma su ne aka fi ganin murmurewa na yi wa wuya.

Na ce, "Likita, zuciya za ku buɗe ko ƙafa?"

Bai ji haushi ba. Ya ce tafiya ta fi kowane gwaji tona asiri, don ba gaɓa ɗaya ke yin ta ba. Zuciya ce ke turo jini, huhu ya kawo iska, jinin ya ɗauke ta, tsoka ta yi aiki, ƙwaƙwalwa da ido da kunne su riƙe mutum kada ya faɗi. In ɗaya ya yi rauni, jiki ba ya shawara da mai shi, rage sauri kawai yake yi. Ya ce tiyatar zuciya kamar bashi ne mai nauyi da ake ɗora wa jiki a yini ɗaya, abin da yake son sani shi ne ko akwai ajiyar da za a biya da ita. Mutum biyu na iya zuwa da shekaru ɗaya, toshewa iri ɗaya, lissafin kwamfuta iri ɗaya, ɗaya ya koma gida cikin mako, ɗayan ya shafe wata a kwance. A da, in ji shi, likita kan dubi mara lafiya tun daga bakin ƙofa ya ƙiyasta ƙarfinsa. Ido ba mudu ba ne, ya san kima, amma idon wannan likita daban, na wancan daban. Agogo kuwa abu ɗaya yake gaya wa kowa.

Na kawo hujjar gwiwa. Gwiwata ta dama ta daɗe tana damuna, na ce ita ce ta ja mini. Ya amince cewa ciwon gwiwa na rage sauri, kuma ana la'akari da shi. Sai ya tambaye ni: bayan tiyata, da wace gwiwar zan sauko daga gado? Ban sami amsa ba.

A daren nan ɗiyata ta zauna ta nemo binciken da aka samo wannan iyaka, ta karanta mini. Wani likitan zuciya ne a Jami'ar McGill da ke Montreal a Kanada, Jonathan Afilalo, shi da abokan aikinsa, suka buga shi a 2010. Sun auna tafiyar mutum 131 masu shekara 70 zuwa sama kafin a yi musu tiyatar zuciya, a asibitoci huɗu na Kanada da Amurka. 60 daga cikinsu suka faɗa rukunin masu jinkiri, kusan rabi ke nan. Bayan tiyata aka ga haɗarin mutuwa ko babbar matsala a wannan rukuni ya kai kimanin ninki uku, ko da an riga an sa lissafin kwamfutar nan a ciki. Babbar matsala a wurinsu tana nufin shanyewar ɓarin jiki, ko gazawar ƙoda, ko daɗewa a kan injin numfashi, ko ruɓar ciwon ƙirji can ciki, ko a sake mayar da mutum ɗakin tiyata. Mata da masu ciwon suga sun fi yawa cikin masu jinkirin.

Na ce mutum 131 ai ba su cika ɗakin taro ba. Ta ce in saurara. A 2016 an maimaita da mutum 15,171 masu shekara 60 zuwa sama, a asibitoci 109. Aka raba su kashi uku: waɗanda ba su kai mita 0.83 a daƙiƙa ba, na tsakiya, da waɗanda suka haura mita 1. Duk raguwar mita 0.1 a daƙiƙa ta zo da ƙarin kashi 11 cikin ɗari a kan haɗarin da mutum yake da shi na mutuwa sanadin tiyatar. Na karɓi biro na yi lissafina. Mita 5 a raba da daƙiƙa 7.1, ya ba ni kusan 0.70. Ina can ƙasa.

Ban yi barcin kirki ba. Amma da safe, da na sake duba lissafin da idon malami, na ga inda tsoro ya ruɗe ni. Ninki uku na ƙaramin abu ba lallai ya zama babba ba. Kuma mafi yawan masu jinkirin nan sun tashi sun koma gidajensu. Adadin yana magana ne a kan taron mutane, bai san sunana ba. Sai dai ya faɗi wani abu game da ni da na shekara biyu ina musantawa, kuma wannan ya fi tsoron ciwo.

Da yake ciwona ba ya tasowa ina zaune, an ce tiyatar za ta iya jiran mako shida. Wannan ba kowa ake ba shi ba. Wanda ƙirji ke matse shi yana kwance, ko wanda babbar jijiyar hagu ta toshe sosai, ba a tsayawa wani shiri, shiga da shi ake yi. Ni aka haɗa ni da likitar motsa jiki, wadda kowa ke kira fisiyo. Ba ta da wasa. Ta ce sau biyu a mako in zo a sa mini na'ura a ƙirji in taka keke ko in yi tafiya tana kallon bugun zuciyata. Sauran ranaku in yi tafiya a gida, minti 10 da safe, 10 da yamma, a ƙara kaɗan-kaɗan, da ƙwayar sassauta matsewar ƙirji, wadda ake sawa ƙarƙashin harshe, a aljihuna. Ƙa'idarta ɗaya: in yi saurin da zan iya magana a cikinsa. Ƙirji ya matse, in tsaya, in zauna, in kira su. Ta ƙara da tashi daga kujera sau biyar ba tare da dafa komai ba. Ranar farko sau uku na yi, na huɗun kujera ta ja ni.

Gwajin jini kuma ya nuna jinina ya yi ƙasa, aka ba ni maganin ƙarin sinadarin ƙarfe, aka gyara na suga, aka ce in ƙara cin abin da ke gina tsoka. Ita fisiyon ce ta gaya mini cewa tun 2000 aka buga wani gwaji daga Kanada a kan mutum 249 masu jiran irin tiyatata, waɗanda aka sa su motsa jiki kafin ranar suka bar asibiti da kwana ɗaya kafin sauran. Na tambaye ta, to in na koyi tafiya da sauri, haɗarin zai sauka? Ta ce, "Baba, in ka tsoma ma'aunin zafin jiki a ruwan sanyi, zazzaɓin ya tafi?" Wato ba lambar ake gyarawa ba, jikin da ya haifi lambar ake gyarawa. Wannan magana ta zauna mini, wataƙila don ta kama ni ne a kan niyyar sake satar amsa.

Ana jibi tiyata aka mayar da ni barandar salatif. Wannan karo ban yi wayo ba. Matsakaicin ya fito 6.3. Na so a ce 5 da wani abu ne, in shiga ɗakin tiyata da sunan mai sauri. Bai yiwu ba. Mako shida ba ya goge shekara biyu. Da jinkirina aka tura ni.

Tiyatar kanta ba ni da labarinta, barci na yi. An ce an raba ƙashin ƙirji, inji ya karɓi aikin zuciya da huhu, aka ɗauko jijiya ɗaya daga bangon ƙirji ta ciki, aka zaro wata daga ƙafar hagu, aka ɗinka hanyoyi uku, aka ɗaure ƙashin da waya. Na farka a ɗakin kulawa ta musamman da bututu a maƙogwaro, robobi na fita daga ƙasan ƙirji, ƙishirwa kamar in mutu.

Washegari, ina ganin ko juyi ban isa in yi ba, sai ga fisiyo. Na ɗauka gaisuwa ta zo. Ta ce zama zan yi a bakin gado. Na ce, "'Yar nan, jiya fa aka tsaga ni." Ta ce shi ya sa. Kwanciya ce ke tara majina a huhu har ta zama ciwon sanyin haƙarƙari, ita ke sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, ita ke cinye tsoka. Ta ce an taɓa kwantar da tsofaffi masu cikakkiyar lafiya kwana 10 a gado don a ga abin da zai faru, suka rasa kusan kilo 1 na tsokar ƙafafu. Masu lafiya ke nan, balle ni. Aka ba ni filo na rungume a ƙirji, mutum biyu suka tallafe ni. A nan na gane amfanin wahalar kujerar nan. An hana ni dafa gado da hannu don kada in ja ƙashin da aka ɗaure, cinyoyi kaɗai aka bar mini. Da cinyoyin mako shida baya ne, da ban miƙe ba. Na tsaya na ɗan lokaci, ɗakin yana juyawa, aka zaunar da ni a kujera.

Rana ta biyu na yi taku goma sha wani abu, ana jan sandar ƙarin ruwa a gefena. Abin mamaki, ƙafar da aka zaro wa jijiya ta fi ƙirjin ciwo. Rana ta uku komai ya koma baya. Zuciya ta shiga bugawa barkatai kamar tsuntsu a keji, na'ura na ta ƙara. Suka ce sananne ne, kusan mutum 1 cikin 3 na samunsa bayan irin wannan tiyata, galibi a rana ta biyu ko ta uku. Aka sa magani ta jijiya, na yi yini biyu ban taka ko'ina ba. Da aka sake miƙar da ni, taku goman nan ma sun gagara. Ga rashin cin abinci, ga rashin barci, har wani dare na rikice ina tambayar wa ya kawo ni nan. Na yi kuka a ranar, ba na jin kunyar faɗa.

A gadon da ke kusa da nawa akwai wani dattijo da ya girme ni da shekara biyar, siriri, mai zafin nama. Rana ɗaya aka yi mana aiki. A rana ta huɗu yana zagaye ɗakin shi kaɗai yana tsokanar ma'aikata, a ta shida aka sallame shi. Da zai tafi ya tsaya a kaina ya ce, "Malam, sannu ba ta hana zuwa." Na ce, "Ƙarasa mana, sai dai a daɗe ba a je ba." Muka yi dariya, kowa rungume da filonsa. Na tambaye shi nawa ya yi a salatif. Ya ce 4 da ɗan wani abu. Akwai kuma wani, matashi a kanmu, ƙaƙƙarfa, wanda ciwonsa ya yi ruwa aka mayar da shi ɗakin tiyata. Shi na bari a kwance. Agogo bai hango nasa ba.

Kafin a sallame ni sai da na yi tafiyar baranda kai da komowa ba mai riƙe ni, na kuma hau matakala hawa ɗaya na sauko. Kwana 11 na yi. Likitan fiɗa ya ce tun ranar da ya ga lambata ya shirya wa hakan: ya sa fisiyo ta riƙa zuwa mini sau biyu a yini, ya hana a ba ni magungunan barci masu nauyi, ya gaya wa ɗiyata ta tanadi wanda zai zauna da ni makonnin farko. Sai a lokacin na fahimci abin da aka yi da daƙiƙoƙin nan. Ni na ɗauka hukunci aka yanke mini da su, ashe jadawalin aiki aka tsara.

Gida ya fi asibiti wuya ta wani fannin, don ba mai tilasta maka. Ƙashin ƙirji na bukatar mako shida zuwa takwas kafin ya haɗe, ba ɗaukar kaya mai nauyi, ba tuƙi, tari da atishawa sai da filo. Gajiya kuwa ba a magana, wanka kaɗai sai na kwanta bayansa. Na fara da minti 5 sau uku a yini. Akwai ranakun da na ji tafiyar ba ta da wani amfani, na zauna ina kallon bango. An ce wannan ƙuncin rai ma sananne ne bayan tiyatar zuciya, amma sanin sunan abu ba ya rage nauyinsa. Matata ce ke ajiye mini takalmi a gaban kujera, ba ta cewa komai, ta tsaya har sai na sa.

A mako na shida na fara shirin farfaɗo da masu ciwon zuciya, wata uku ana yi. Nan aka yi mini wani gwajin, na tafiyar minti 6, a ga iya nisan da mutum zai ci yana kai da komowa. A tsakiyarsa na lura da wani abu da ya sa na kusa tsayawa: ina haki, ƙafa na ciwo, amma matsewar ƙirjin nan babu ita. Na yi ta jiran ta, kamar mai jiran baƙon da ya saba zuwa. Ba ta zo ba.

Ranar da na kammala na roƙi a kai ni tsohuwar barandar. An sabunta salatif ɗin, yarinyar tana nan. Ta gane ni. "Baba, ban da satar amsa." Na yi 5.4, na yi 5.2, na yi 5.3. Gwiwar dama na nan da halinta, ba na jin zan taɓa kamo dattijon nan mai 4 da ɗan wani abu.

Da muka koma gida na sa jikana ya auna mita 5 da tef, ya ja layi biyu da alli. Duk ranar farko ta wata nake gwadawa, in rubuta a bayan littafin da nake rubuta awon suga, don fisiyo ta ce in na ga lambar na hawa wata bayan wata ba dalili, in zo kada in jira ƙirji ya yi magana. Watan jiya na lallaɓi matata ta gwada. Ta ce ita ba abin da ke damunta, ta gyara tsayuwa, ta taka. Yaron ya duba waya ya ce 6.4. Ta ce wayar ce ba ta da kyau, a sake. Aka sake, 6.5. Na ɗauko biro, ta ce in na kuskura na rubuta a littafin nan, ni da ita ne. Na rubuta a tafin hannuna, na kira ɗiyarmu.